Shiga rezon gayya marar waya daga gida: kayan aiki da yadda ake kafa su, bisa misalin guifi.net

Gabatarwa

A shekarar 2004 wasu mazauna Gurb, wata karkara da ke kusa da garin Vic a yankin Kataloniya na ƙasar Ispaniya, suka gaji da jiran ranar da za a kawo musu intanet mai sauri. Gidajensu a warwatse suke cikin gonaki, kamfanonin tarho kuwa ba su ga ribar ja musu waya ba. Sai suka kafa eriya bisa rufin gidajensu, suka haɗa gida da gida ta hanyar igiyar rediyo. Ramon Roca na cikin waɗanda suka soma aikin. Abin da suka kafa shi ne guifi.net, wanda a wajejen 2016 ya haura wurare 30.000 masu aiki. Akwai irinsa a wasu ƙasashe: Freifunk a Jamus, AWMN a birnin Atina na Girka, Zenzeleni a Mankosi ta Afirka ta Kudu. Mun zaɓi guifi.net ne domin matakan shigarsa a tsare suke, kuma dubban gidaje sun bi su.

Abin da muke son nunawa a cikin wannan takarda shi ne cewa shiga irin wannan rezo daga saman soro take farawa. Mutane da yawa daga kanti suke farawa: su sayi na'ura, su hau da ita, sannan su gano cewa gidansu ba ya hangen kowa, ko kuma na'urar ba ta jin yaren wadda za ta yi magana da ita. Saboda haka mun bi tsarin da aikin kansa yake bi, wato dubawa, lissafi, saye, sannan kafawa.

Game da kalmomi: «rezo» mun bar ta yadda take a bakin jama'a tun zuwan salula. Mun ƙara mata «gayya» domin rezo ne da kowa ke kawo hannunsa da kayansa, ba mai shi guda. Abin da ake kira «nœud» da Faransanci, wato kowane wuri da aka kafa na'ura aka ɗaure shi da sauran, mun fassara shi da «ƙulli». «Zango» kuwa mun aro ta daga ma'aikatan rediyo, masu cewa gajeren zango da matsakaicin zango.

1. Yadda rezon yake a tsare

Ƙulli iri biyu ne. Akwai babban ƙulli, wanda ake kafawa a wuri mai tudu: hasumiyar coci, tankin ruwa, rumbun hatsi na zamani, dogon bene. Yana da na'urori da yawa. Wasu suna kallon wasu manyan ƙulla masu nisa, su ne ƙashin bayan rezon. Wasu kuma suna da eriya mai buɗe baki, digiri 90 ko 120, suna kallon unguwanni domin karɓar gidaje. Sai ƙaramin ƙulli, wato na gida, mai na'ura guda da ke kallon babban ƙulli guda. Shi ne batun wannan takarda.

Akwai wani tsari dabam, inda kowace na'ura ke magana da duk wadda ta ji kusa da ita, saƙo yana tsallakawa daga rufi zuwa rufi kamar saƙar taru. Freifunk ta fi shahara da shi, ana kuma samunsa a wasu unguwannin Barselona. Yana da sauƙin shiga, sai dai in na'urar rediyo guda ce ke karɓa tana kuma miƙawa, saurin yakan ragu da kusan rabi a kowane tsallake. Ba za mu tsaya a kansa ba.

2. Aikin farko: hawa soro

2.1. Gani

Rezon gayya yana aiki ne da zangunan Wi-Fi, na gigahaz 2,4 da na gigahaz 5. Igiyar waɗannan zanguna gajera ce ƙwarai, wajen santimita 12 a na farko, ƙasa da santimita 6 a na biyu. Ba ta zagaye tudu kamar yadda igiyar gajeren zango ke tsallake ƙasashe. Bango yana cin ta, ganye mai ruwa yana shanye ta. A taƙaice halinta ya fi kusa da na haske: abin da ido bai hango ba, da wuya eriya ta kama shi.

Mai son shiga guifi.net yakan fara ne da sa gidansa bisa taswirar rezon. Taswirar za ta nuna masa manyan ƙullan da ke kewaye da shi, da nisan kowane, da kusurwar da yake, da tudu da kwarin da ke tsakani. Amma taswira ƙasa ta sani; ba ta san itacen maƙwabci ba, ba ta san benen da aka gina bara ba. Dole ne mutum ya hau, da tabarau mai jawo nesa in da hali, ya tsaya daidai inda eriyar za ta zauna, ya nemi ƙullin da idonsa. Mita biyu zuwa dama ko hagu bisa rufi guda suna iya raba samu da rashi.

Itatuwa suna da wata yaudara. A Kataloniya wanda ya gwada a lokacin sanyi, itatuwa sun kaɗe, yakan ga hanya a buɗe. Da ganye ya dawo sai sigina ta faɗi. Wanda ya san gawo, mai zubar da ganye da damina ya tofo da rani, ya san cewa kowane itace da lokacinsa. Ƙa'idar ita ce a ɗauki itace a matsayin cikakke, a kuma ƙara masa tsawon da zai yi nan da ƴan shekaru.

2.2. Yankin Fresnel

Gani kaɗai bai wadatar ba, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Igiyar rediyo ba ta tafiya cikin siririn layi kamar zare. Ƙarfinta yana bin wani fili ne da ke kewaye da layin, mai siffar ƙwallon dabino: tsukakke a bakin eriya biyu, mai kumburi a tsakiya. Ana kiransa yankin Fresnel, da sunan masanin haske na Faransa Augustin Fresnel (1788-1827). In wani abu ya kutsa cikin wannan fili, ko da bai tare layin gani ba, wani kashi na igiyar yakan karkace ya iso a makare, ya rage wa sauran ƙarfi.

Faɗin yankin a tsakiyar hanya, daga layin gani zuwa gefe, ana samunsa da wannan lissafi:

r = 8,66 × √(d ÷ f)

inda r yake mita, d nisa ne da kilomita, f kuma zango da gigahaz. Mu ɗauki gida mai nisan kilomita 5 daga babban ƙulli. A gigahaz 5,5 za mu samu mita 8,3. A gigahaz 2,4 kuwa mita 12,5. A aikace ba a neman fili duka. An yarda cewa in kashi 60 cikin 100 na wannan faɗi a buɗe yake, asarar ba ta da yawa. Ke nan a gigahaz 5,5 dole layin gani ya wuce bisa kan duk wani rufi ko itace da ke tsakiyar hanya da mita 5, a gigahaz 2,4 kuma da mita 7,5. Wanda ya hango babban ƙulli yana leƙowa daidai saman rufin wani gida da ke tsakiya, bai samu hanya ba tukuna.

Lanƙwasar ƙasa ba ta da wani tasiri a wannan nisa, rabin mita ce kawai. A kilomita 20 takan kai mita 6 zuwa 8, sai a sa ta cikin lissafi.

2.3. Lissafin ƙarfi

Ana auna ƙarfin sigina da dBm. Milliwat 1 shi ne 0 dBm, milliwat 100 su ne 20 dBm, wat 1 kuma 30 dBm. Duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne, duk ragin 3 rabi ne. Abin da ke isowa ga mai karɓa ƙanƙane ne sosai, shi ya sa ake rubuta shi da alamar ragi: −60 ya fi −70 ƙarfi har sau goma.

Ko babu abin da ya tare hanya, igiya tana raunana saboda bazuwa. Asarar, da desibel, ita ce:

L = 92,4 + 20 log d + 20 log f

A misalinmu na kilomita 5 da gigahaz 5,5 asarar ta kai desibel 121. In babban ƙulli yana fitar da 30 dBm, abin da ya iso rufin gidan −91 ne, kafin a ƙara ribar eriyar gida, wadda ake aunawa da dBi. Ƙaramar eriyar da ke cikin kwamfutar hannu, mai wajen 2 dBi, za ta ba da −89, wanda kusan daidai yake da hayaniyar iska. Ba a gina komai a kansa. Eriya mai 16 dBi za ta ba da −75, mai 23 dBi kuma −68. Masu kafawa sukan nemi −70 ko abin da ya fi, domin a bar rarar da iska da ruwa da tsufan kaya za su ci. Wannan ɗan lissafi shi ke gaya wa mutum abin da zai saya. Ninka nisa sau biyu yana cin desibel 6, rage shi da rabi yana mayar da 6. Saboda haka gidan da ke kilomita 1 ba ya bukatar faranti, ƙaramar na'ura ta ishe shi.

A lura cewa 30 dBm ɗin ba zaɓi ba ne, iyaka ce ta doka. A Turai an yarda da wat 1 a waje tsakanin megahaz 5470 da 5725, da milliwat 100 kawai a zangon gigahaz 2,4, kuma ana ƙirga ƙarfin na'ura da ribar eriya a haɗe. Mai eriyar 23 dBi ke nan ba zai wuce 7 dBm a na'urarsa ba, wato milliwat 5. Babbar eriya amfaninta ji ne da tsuke baki, ba ihu ba. Haka kuma a wannan zango dole na'ura ta saurari radar, musamman ta masu hasashen yanayi da ke tsakanin 5600 da 5650, ta kauce in ta ji ta. Waɗannan alƙaluma na Turai ne. Kowace ƙasa da nata. A Nijar hukumar ARCEP ce ke da alhakin rabon zanguna, ita za a tambaya kafin a kwaikwayi wani abu daga cikin wannan.

3. Kayan aiki

A farkon shekarun rezon gayya, mutane ruta ta cikin ɗaki suke ɗauka, galibi Linksys WRT54G, su sauya mata manhaja, su sa ta cikin akwatin roba, su haɗa ta da eriya ta waje da wayar eriya mai kauri. Daga wannan na'ura ce aikin OpenWrt ya samo asali a 2004. Matsalar ita ce wayar eriya tana cin sigina: siririya irin RG-58 tana cin kusan desibel 1 a kowace mita a gigahaz 2,4, ta yadda mita 10 za su cinye duk ribar matsakaiciyar eriya. Maganin da aka samu daga baya shi ne a haɗe rediyo da eriya cikin kwanso guda marar shan ruwa, a kai shi saman sanda, a sauko da bayanai ta wayar rezo ta yau da kullum. Kusan duk ƙullin gida haka yake yanzu. Zangon gigahaz 2,4 kuma an bar wa cikin ɗaki, domin tashoshi uku kawai yake da su waɗanda ba sa hawa kan juna, rutocin gari duk sun cika su.

Kamfanoni biyu ne kayansu suka fi yawa bisa rufin guifi.net, Ubiquiti da MikroTik. NanoStation M5 tana da eriyar 16 dBi mai buɗin wajen digiri 40, ta dace da ɗan gajeren nisa. LiteBeam faranti ce mai 23 dBi. SXT ta MikroTik tana cikin ajin ta farko. Amma kafin a sayi ko ɗaya sai an tambayi masu kula da babban ƙulli abin da ke kansa. Dalilin yana da ban sha'awa. A ƙa'idar Wi-Fi kowace na'ura takan saurara, in ta ji shiru sai ta yi magana. Gidajen da ke kallon babban ƙulli da eriya mai tsukakken baki ba sa jin juna, kowa yana zaton shiru ne, sai su yi magana lokaci guda, saƙonni su yi karo. Domin magance haka kowane kamfani ya ƙirƙiro tsarinsa na raba lokaci, inda babban ƙulli ke ba kowa damarsa bi da bi: airMAX a Ubiquiti, Nv2 a MikroTik. Tsarin biyu ba sa jituwa. In an kunna ɗaya a babban ƙulli, na'urar ɗayan kamfanin ba za ta shiga ba, komai ƙarfin siginarta.

Wayar da ke saukowa ita ce ke hawa da wuta. A cikin ɗaki akwai ɗan akwati mai baki biyu, ɗaya an rubuta POE, shi ke zuwa rufi, ɗaya LAN, shi ke zuwa ruta. Yawancin waɗannan na'urori volt 24 suke ci, akwatin kuma ba ya tambaya kafin ya tura wuta; in aka haɗa na'urar volt 24 da akwatin volt 48 irin wannan, ana iya ƙona ta nan take. Wayar kanta ta zama ta waje, mai jure rana, mai rigar ƙarfe a ciki, ajin 5e ko sama, kada kuma ta wuce mita 100. Wayar cikin ofis in ta sha rana shekara ɗaya ko biyu fatarta takan tsage, ruwa ya bi cikinta har ɗaki.

Sauran kayan su ne sandar ƙarfe marar tsatsa da maɗauranta, da na'urar kare tsawa da ake sawa a kan wayar kafin ta shiga gida, da wayar ƙasa da za a ɗaure sandar da ita. Wannan na ƙarshe shi aka fi yi wa rowa, alhali sandar ƙarfe bisa rufi mai waya har cikin ɗaki hanya ce da aka share wa aradu. Ba sai ta faɗo kan gidan ba: wadda ta faɗi kusa ma takan tura wutar da za ta kashe bakin na'ura. Sai kuma ruta ta biyu ta cikin gida, domin na'urar rufi bayanta ta juya wa gidan, ba ta ba ɗakuna Wi-Fi.

Cin wutar na'urar rufi bai wuce wat 8 ba, wato wat-awa 192 a yini da dare. Batirin volt 12 mai amfiya-awa 40, in rabinsa kawai aka yarda a janye, zai riƙe ta kwana guda.

4. Kafawa da saiti

Saiti a ƙasa ake yinsa, bisa tebur, kafin a hau. A guifi.net, bayan mutum ya rubuta irin na'urarsa da babban ƙullin da zai ɗaura da shi, rezon yakan ba shi adireshi daga cikin jerin adireshin keɓe masu farawa da 10, ya kuma haɗa masa takardar saiti da suke kira «unsolclic», wato dannawa guda da yaren Katalan. Ana loda ta cikin na'urar, sunan ƙulli da adireshi da sauran bayanai su shiga gaba ɗaya. Amfanin wannan ya wuce sauƙi: yana hana mutum biyu ɗaukar adireshi guda, yana kuma sa abin da ke rubuce a taswira ya dace da abin da ke bisa rufi. Ƙulli yana bin matakai a rajista, daga wanda ake shiri, zuwa wanda ake ginawa, zuwa na gwaji, zuwa mai aiki.

Abu biyu ne ba za a manta ba a wannan mataki. Na farko a zaɓi sunan ƙasar da ake ciki, domin da shi na'ura ke sanin tashoshi da ƙarfin da doka ta yarda. Na biyu a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, a kuma sabunta manhajarta. A watan Mayu na 2016 wata tsutsar kwamfuta ta bi na'urorin Ubiquiti masu tsohuwar manhaja a ƙasashe da dama, ta wata kafa da kamfanin ya riga ya toshe tun 2015. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci.

Daidaita eriya aikin mutum biyu ne, ɗaya a sanda, ɗaya yana karanta lambar sigina. Ana juya ta a hankali dama da hagu har a samu ƙololuwa, a ɗaure kaɗan, sannan sama da ƙasa. Faranti yana da ƙananan bakuna a gefen babban bakinsa, waɗanda ke ba da ƙololuwar ƙarya. Saboda haka a wuce wurin da aka fara samun sigina a ga ko akwai wanda ya fi shi. A nan lissafin sashe na 2.3 yake sake amfani. In an yi tsammanin −68 aka samu −80, akwai dalili: ko bakin gefe aka kama, ko wani abu ya shiga yankin Fresnel. Ƙara ƙarfin na'ura ba ya gyara ko ɗaya, sai dai ya dami maƙwabta. Bayan an ƙulle kusoshi a sake duba lambar, domin ɗaurin kansa yakan karkatar da faranti. Wayar kuma a bar mata ɗan lanƙwasa zuwa ƙasa kafin ta shiga bango, ruwan sama ya ɗiga a waje.

5. Abin da aka shiga

Wanda ƙullinsa ya fara aiki ya shiga rezo, bai shiga intanet ba tukuna. Yana iya kaiwa ga duk wani ƙulli da duk wata hidima da ke cikin guifi.net, amma fita waje sai ta ƙofar wani. Shekaru da yawa ƙofofin da aka fi bi su ne waɗanda ma'aikatun magajin gari da wasu membobi suka buɗe kyauta domin duba shafuka kawai. Mai son cikakkiyar intanet yakan biya wani ƙaramin kamfani ko ƙungiya da ke aiki bisa rezon, su kuma suna zuba wani kaso cikin kuɗin kula da kayan gayya. Gidauniyar guifi.net, wadda aka kafa a 2008, ita ke tsaye kan wannan rabo. Tun da saƙo ta na'urorin mutane dabam dabam yake ratsawa, kulle shi aikin mai shi ne, daga kwamfutarsa har inda za shi.

Kowane mai shiga yana amincewa da yarjejeniyar rezon. Na'urar da ya saya tasa ce har abada, yana iya cire ta. Amma muddin tana ɗaure, ba zai hana saƙon wani ratsawa ba, ba zai leƙa shi ko ya sauya shi ba, kuma duk wanda ya zo bayansa yana da ƴancin ɗaurawa bisa sharuɗɗan da shi ma ya samu. Wannan ba ya nauyi ga ƙaramin ƙulli, domin a ƙarshen reshe yake. In wutarsa ta ɗauke shi kaɗai ya rasa. Nauyin yana zuwa ne ranar da aka lura cewa rufinsa yana hangen wata unguwa da ba ta hangen kowa. A lokacin sai a nemi ya yarda a ƙara na'urori a sandarsa ya zama babban ƙulli. Kuɗin kayan ba shi kaɗai zai biya ba: a guifi.net akan jera abin da ake bukata da farashinsa, waɗanda za su amfana kowa ya ɗauki nauyin wani abu, wannan eriya, wancan batir. Abin da ya rage a wuyan mai gida shi ne wutar da ba ta yankewa, da mabuɗin soro a duk ranar da wani abu ya lalace.